Hannu Ne Ko Ba Hannu Ba?

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar rubutuna za su iya tuna cewa akwai wani littafina da na ɗaya da na biyu suka fito a farkon 2009, amma na uku bai shiga kasuwa ba sai da shekara ta zagayo. Wasiƙu kam na sha su, waya kuwa har sai da na riƙa kashe ta da daddare. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa in na san ba zan iya ƙarasa labari ba, don me na kai 'yar mutane gidan kishiya na tafi na bar ta? Duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce masa takarda ce ta yi tsada. To, takarda ta yi tsada, ban yi ƙarya ba, amma ba ita ce ta tsayar da littafin ba. Ƙwallo ce ta tsayar da shi, ƙwallon ma da aka buga a Landan, garin da ko a mafarki ban taɓa zuwa ba.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, daga Yaya sai ni, kuma ya ba ni shekara bakwai. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne ya zama uba a gidan. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare, shi ya zaunar da ni a shagonsa na atamfa a Kantin Kwari, da ya ga hankalina ba ya kan yadi yana kan biro sai ya ƙirga kuɗi ya ba ni na buga littafina na farko. Bai taɓa karanta shi ba. Ya ce shi ba ya da lokacin karanta ƙarya. Amma kwafi ɗaya yana nan cikin durowar da yake ajiye rasit, duk baƙon da ya zo daga nesa sai ya ciro ya nuna masa, ya ce ƙanena ne ya rubuta.

A komai ina bayan Yaya, ban da ƙwallo. Shi ɗan Chelsea ne tun zamanin da Celestine Babayaro, yaron Kaduna, yake buga musu, kafin kuɗin Abramovich su zo a 2003, kuma wannan shi ne abin tinƙahonsa, yakan ce shi ba ɗan cin arziki ba ne. Da Mikel ya je can a 2006 sai abin ya ƙara zama masa kamar dangi. Ni kuwa Ronaldinho ne ya ja ni Barcelona, ya tafi ya bar ni a can. Muna tsokanar juna, amma tsokana irin ta wa da ƙani, wadda ƙanin ya san inda zai tsaya.

Ranar Laraba ce, 6 ga Mayu 2009, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, karawa ta biyu. Ta farko an yi ta a Barcelona an tashi babu ci. Ga waɗanda ƙwallo ba ta dame su ba, musamman 'yan'uwana mata da na san su ne suka fi karanta ni, a wancan lokacin akwai dokar da ta ce in an yi kunnen doki, wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya wuce. An soke dokar a 2021. Ke nan mu ko ɗaya da ɗaya aka tashi mun haye, su kuwa sai sun ci mu.

Ana idar da magariba muka nufi gidan kallon unguwarmu, don ƙarfe takwas saura kwata za a take. Rumfar kwano ce, benci ya fi ashirin, talabijin biyu a gaba, janareta na ruri a baya, ga zafin nan na kafin saukar damina da ke sa riga ta manne a jiki. Ba 'yan ƙungiyoyin biyu kaɗai suka cika wurin ba. 'Yan Madrid sun zo da miki ɗanye, kwana huɗu ke nan da muka zuba musu shida da biyu a gidansu, don haka duk sun koma 'yan Chelsea na dare ɗaya. 'Yan Arsenal kuwa a daren jiyan Manchester United ta fitar da su, sun zo ne kawai su ga wani ma ya yi kuka, ko wane ne. Yaya ne ya biya mana kuɗin shiga kamar kullum, ya tafi bencinsu na dama, na tafi namu na hagu.

Minti tara da farawa Essien ya ɗauki wata ƙwallo a sama da ƙafar hagu daga wajen yadi na sha takwas, ta daki ƙarfen sama ta faɗa raga. Rumfa ta ɗauka. Na hango Yaya a tsaye a kan benci, hula a hannu, mutumin da ko dariya a kasuwa sai ya auna ta. Daga nan wasa ya koma abin da ya koma. Mu muna ta yawo da ƙwallo kamar masu tallan da ba a saya, su sun tare ƙofa, in sun ƙwace sai su cilla wa Drogba. Puyol ba ya nan saboda kati, Marquez yana jinya, sai aka dawo da Toure baya. Ba zan kira sunansa na farko ba don kada ku rikita shi da Yayana.

Sai ƙorafi ya fara taruwa. Alves ya riƙe Malouda a bakin yadi na sha takwas, alƙalin wasa ya ce a waje ne, ya ba da bugun tazara. Abidal ya ja rigar Drogba a ciki, ya ce a ci gaba. Bayan hutun rabin lokaci Toure ya yi kokawa da Drogba, nan ma shiru. Duk wanda aka yi sai bencin dama ya miƙe gaba ɗaya da ihun lafari, lafari, mu kuma mu ce faɗuwar ganganci ce, dama Drogba ko iska ta taɓa shi sai ya kwanta. A minti na sittin da shida sai ihu ya dawo ɓangarenmu, aka ba Abidal jan kati wai ya kayar da Anelka, alhali da aka maimaita kowa ya ga kusan ƙafarsa ce ta harɗe shi. Muka koma mu goma.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau ya faru ne saura kamar minti takwas a tashi. Anelka ya ɗaga ƙwallo zai wuce Pique a cikin yadi na sha takwas, Pique ya buɗe hannu, ƙwallo ta daki hannun. Ina zaune a benci na biyu, ba abin da ya tare ni. Na gani da idona, gabana ya yanke ya faɗi, har na sunkuyar da kai ina jiran usur. Usur bai zo ba. Da na ɗago sai na ji bakina yana ihu tare da na kusa da ni, wai ba hannu ba ne. Wallahi tsakanin faɗuwar gabana da wannan ihu bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

Sauran kowa ya sani. A minti na uku na ƙarin lokaci Alves, wanda duk daren in ya bugo ƙwallo sai ta nufi 'yan kallo, ya samu ɗaya ta faɗo inda ake so. Essien ya zo zai fitar da ita ya kuskure, Messi ya tura wa Iniesta, Iniesta ya ɗaɗa ta can saman kusurwa. Wannan shi ne harinmu na farko kuma na ƙarshe da ya nufi raga a duk wasan. Benci ya karye a ƙarƙashinmu. Kafin mu gama tashi Ballack ya buga wata ta daki damtsen Eto'o, alƙali ya sake kau da kai, Ballack ya bi shi da gudu yana ɗaga hannuwa kamar zai cinye shi ɗanye. Da aka tashi Drogba, wanda an riga an canja shi, ya dawo fili da silifa yana zazzaro ido yana zagi a gaban kyamara.

Duk mai zuwa gidan kallo ya san wasa biyu ake yi. Na farko minti casa'in ne, na biyu kuwa a teburin mai shayi ake yin sa, kuma ba shi da usur ɗin tashi. A daren nan mun fi mu talatin a wurin, wasu a zaune wasu a tsaye, 'yan acaɓa sun kashe babura sun jingina. Aka fara da lissafin fenariti. Wani ya ce huɗu aka hana, wani ya ce biyar, wani tela da bai ma shiga kallon ba, a rediyo ya ji, ya rantse shida ne, kuma ya fi kowa ɗaga murya. Wani ɗan Arsenal ya tuna wa jama'a cewa alƙalin nan, Tom Henning Ovrebo, ɗan ƙasar Nowe ne, kuma wanda ya kori golansu Lehmann a wasan ƙarshe na 2006 da Barcelona shi ma ɗan Nowe ne, to me ya rage a faɗa? Aka ce ƙwarai. Wani ya ce Platini ne ba ya son a maimaita wasan ƙarshen bara na Mosko, Chelsea da United, shi ya sa aka turo mutumin da saƙo. Ba wanda ya tambaye shi inda ya ji. Ba wanda kuma ya tambaya, in da saƙo aka turo shi, me ya kai shi korar ɗan wasanmu?

Da aka gaji da alƙali sai aka juya kan 'yan wasa, nan ne ma 'yan Chelsea suka fara cin junansu. Wani ya ce Drogba ne ya kashe su, shi da gola ido da ido bayan dawowa hutu, ya buga wa Valdes a ƙafa, da ya ci da duk wannan surutu bai taso ba. Wani ya ce koci Hiddink ne, mutane sun koma goma maimakon ka ƙara musu wuta sai ka cire ɗan gaba ka sa Belletti. Essien kuwa a cikin sa'a biyu ya tashi daga gwarzo ya koma wanda ya sayar da gida, a bakin mutum ɗaya. Wani yaro ya ce da an sa Mikel tun farko da ba haka ba. Mu ma da muka haye ba mu bar namu ba, har aka sami mai cewa Messi bai yi komai ba, wanda shi ya ba da ƙwallon da aka ci.

Na daɗe ina tunanin wannan zama, kuma abin da na lura da shi sana'ata ce ta nuna mini. Mu marubuta mun san labari ba ya tafiya sai da mugu. In yarinya ta sha wuya a littafi, mai karatu ba zai yarda a ce masa haka Allah ya ƙaddaro kawai ba, sai an ba shi kishiya ko uwar miji ko boka, wanda zai tsine wa ya ji sanyi. Na taɓa gwada rubuta labarin da auren ya mutu ba tare da laifin kowa ba, 'yan kasuwa suka dawo mini da shi. To alƙalin wasa shi ne uwar mijin ƙwallo. Bambancin kawai, ni nakan zauna in ƙirƙiri muguwata a ɗaki, su kuwa a teburin shayi mutum talatin ne suke rubuta littafi ɗaya a lokaci guda, kowa da nasa ƙarshen. Kuma ban ce alƙalin nan bai yi kuskure ba. Ya yi, shi da kansa ya amsa haka bayan shekaru. Amma sai da aka sauya masa masauki a daren, aka yi ta aika masa da barazanar kisa, mutumin da aikinsa na asali ma duba lafiyar tunanin mutane ne.

Duk wannan hayaniya Yaya bai ce uffan ba. Yana zaune a ƙarshen benci da kofinsa, shayin har ya huce. Can sai ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, ya ce, "Malam marubuci, bar sauran. Na Pique kaɗai nake tambayarka. Tsakaninka da Allah, hannu ne ko ba hannu ba?"

Wuri ya yi tsit. Da na ce hannu ne, da shi ke nan, ba wanda zai ƙwace mana tikitin zuwa Rum. Amma ga 'yan Barcelona a bayana suna jira, ga daɗin nasara yana ɗibata kamar wanda ya sha wani abu. Na ce, "Yaya, ƙwallo ce ta je ta sami hannu." Aka yi shewa. Shewar nan ita ta ƙarasa ni, sai na ji na ƙara da cewa, "Ai kai dama haka kake, duk abin da ya kuɓuce maka sai ka ce cutar ka aka yi."

Mai karatu ba zai gane nauyin wannan magana ba sai na gaya masa abin da duk na wurin suka sani. Shekara guda kafin nan wani abokin cinikin Yaya ya karɓi kayansa masu yawa ya shiga duniya da su, abin da ya kusa rufe shagon. Yaya yana cewa amana aka ci, wasu a dangi kuwa suna raɗa cewa sakacinsa ne, wa yake ba da kaya haka babu rubutu? Bai taɓa jin wannan daga bakina ba. Sai ga shi na faɗa a bainar jama'a, a gaban yaran da yake ba kuɗin makaranta, a kan wani Bature da bai san akwai mu a duniya ba.

Bai tanka ba. Ya ajiye kofi, ya ciro kuɗi ya biya nasa da nawa, har da ƙwan da na ci, ya ce wa jama'a sai da safe.

Mun ci kofin a Rum ranar 27 ga wannan watan, biyu da nema a kan United, Eto'o da Messi. A gidan kallo na gani, bencin dama babu Yaya, kuma ban iya tsayawa shan shayi ba. Ba gaba muke yi ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ina gaishe shi yana amsawa, ya tambayi iyali in ce lafiya. Iyakarta ke nan. Tsokana ta ɗauke, "Malam marubuci" ya ɗauke, ya koma kirana da sunana na yanka kamar wani malamin makaranta. Kuɗin buga littafi na uku kuwa dama shi ya yi alkawarin ranta mini bayan ya sayar da wasu kaya. Bai ce ya fasa ba, ni ne na kasa buɗe baki in tuna masa. Rubutun yana nan a cikin leda a ƙarƙashin katifa, ku kuna can kuna zagina.

Hajiyarmu ba ta san Pique ba, ba ta san Chelsea ba, amma ta san 'ya'yanta. Ta zuba mana ido har azumi ya wuce. Ranar ƙaramar salla da muka je gaishe ta sai ta sa aka fitar da jikoki, ta ce a rufo ƙofa. Ta ce ita dai ba ta haifi 'ya'yan da za su riƙa gaisawa kamar surukai ba, kuma ta ji abin da aka faɗa a wurin mai shayi tun washegarin ranar, don unguwa ba ta da rufi. Ta dube ni ta ce, "Kai, durƙusa." Na durƙusa, ina da 'ya a lokacin, na ce Yaya ka yafe mini, bakina ne ya fi ni. Ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da muka fito zaure muna sa takalmi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To, hannu ne ko ba hannu ba?" Ku yarda ko kada ku yarda, na ce masa Yaya ai maganar ƙwallo daban. Ya yi wani ɗan murmushi ya wuce. Bayan babbar salla ya aiko yaronsa da kuɗin a ambulan, littafi ya fito.

A 2012 Allah ya ba shi ranarsa. Suka sake haɗuwa da mu a daidai wannan mataki, Drogba ya ci mu a Landan, a gidanmu kuma aka kori Terry, suka koma goma, Messi ya buga fenariti ta daki ƙarfe, Torres ya zagaye Valdes a ƙarshe. Wajen sha ɗayan dare wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ba sallama ba komai, sai dariya kawai, ya yi ta har ya ƙoshi ya kashe. Da suka ɗauki kofin a hannun Bayern a watan Mayu, Mikel ya buga wasan tun daga farko har ƙarshe, Yaya ya yanka rago. Na ci naman, na yi masa murna, amma tambayarsa tana nan ban amsa ba.

An kawo na'urar da alƙali ke zuwa ya sake duba abin da ya faru, ta shigo wannan gasa a 2019. Na ɗauka musu ya ƙare. Ina! Teburin shayi sai ya ƙara samun abin yi, da ana zagin mutum ɗaya, aka koma zagin mutum ɗaya da talabijin ɗinsa.

A 2023 ne, wata ranar Juma'a da yamma, ɗana na biyu yana kwance yana latsa wayata, yaron da ba a haife shi ba lokacin da aka yi wasan, kuma shi Manchester City yake so, ba ruwansa da mu duka. Ya ci karo da hoton wasan a YouTube, ya zo ya ce Baba wai wannan ne wasan da ake cewa an yi sata? Na ce zauna in ba ka labari, na fara jero masa bayanin da na shekara goma sha huɗu ina jerowa, yadda tazarar ta yi kusa, yadda Pique da kansa ya ce ta taɓa shi amma ba da niyya ba. Yaron bai ma saurare ni ba. Ya mayar da wurin baya sau ɗaya, ya ce, "Baba, ai wannan hannu ne," ya wuce zuwa wani hoton.

Washegari na shiga Kwari. Na sami Yaya yana auna wa wata mata shadda, gemu duk ya yi fari, tabarau a kan hanci. Na jira ta tafi, na zauna a kan dila, muka gaisa. Na ce, "Yaya, hannu ne."

Bai tambaye ni wane hannu ba. Ya ninke ragowar shaddar, ya mayar da ita kan kanta, ya rataye almakashi a ƙusa.

"Tun a daren ka sani?"

Na ce tun kafin ƙwallon ta sauka ƙasa.

Ya gyaɗa kai. Ya leƙa waje ya kira yaron mai shayi ya ce a kawo biyu, ɗaya ba sukari. Sannan ya juyo ya ce, "Malam marubuci, Abidal ɗin nan ma bai taɓa Anelka ba. Ni ma na gani."